Farfaɗowar Dazukan Mangurof a Kasamans

Mangurof bishiya ce mai tsirowa a laka, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. A Kasamans, kudancin Sanagal, farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya ƙara wa ruwa gishiri har dazukanta da dama suka bushe, saran itace kuma ya ƙarasa wasu. A 2006 ƙungiyar Oceanium, ƙarƙashin Haidar El Ali, ta fara dashe tare da mutanen ƙauyuka, a shekarun da suka biyo baya aka kafa miliyoyin tsirrai.

Inda dashen ya kama, saiwoyi kan riƙe laka, su zama mafakar ƙananan kifaye da ƙaguwa, gishiri ya rage shiga gonakin shinkafa. Sai dai galibi nau'in Rhizophora aka dasa, don ya fi sauƙin shukawa, alhali ba ya jure gishiri mai yawa kamar nau'in Avicennia.