Masu Cin Baƙin Mai

Bayan wani gareji a garinmu Tanut akwai filin da ake zubar da baƙin mai in an yi wa mota juye. Tun ina firamare nake wuce shi. Damina ta zo ta tafi, ko ƙarangiya ba ta fitowa a wurin, ita da ba ta zaɓen ƙasa. Lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba, don mai a wurinmu abin kwalba ne da ake sayarwa a bakin hanyar Agadas.

Sai 2011 ta zo. A watan Agusta aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma. Ranar 28 ga Nuwamba kuma aka buɗe matatar SORAZ kusa da Bakin Birji, mai tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga Agadem, tafiyar sama da kilomita 460. Damargu da aka sani da gero da ayarin raƙuma ta zama ƙasar da mai ke ratsawa. Duk inda mai ke ratsawa kuwa, dole a tambaya: in ya zube, wa zai kwashe?

An daɗe da samun amsa. A 1913 wani masani ɗan Holan, Söhngen, ya nuna cewa akwai bakteriya a cikin ƙasa da ke cin fetur da kananzir kamar yadda muke cin tuwo. Daga baya Ananda Chakrabarty, ɗan Indiya mai aiki a Amurka, ya haɗa wata a ɗakin gwaji don wannan aiki, har kotun ƙolin Amurka ta yarda a 1980 a ba shi haƙƙin mallakarta. An sha surutu, amma ba da ita aka yi aikin ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Alaska. A Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya daki dutse, kimanin tan 37,000 suka malale a teku. An wanke duwatsun gaɓa da ruwan zafi, man bai ƙare ba. Sai aka watsa taki. Taki fa! Ƙwayoyin suna nan tun asali, abinci ya yi musu yawa, abin da suka rasa shi ne sinadaran da manomi ke nema wa gonarsa. Da suka samu, sai suka hayayyafa suka kama ci.

Kada dai mu ɗauka tsafi ne. A wannan Agustan na 2011, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya, inda aka yi ta kafce ƙasa ana barin ƙwayoyin su yi aiki. Aka tarar a wasu wurare man ya nutse sama da mita 5, inda iska ba ta kaiwa, aka ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

To, mu fa? Taki muna da shi, kowa ya san kasuwar dabbobin Belbeji. Zafi ma ba a magana. Ruwa ne babu, kuma busasshiyar ƙasa ba ta ciwuwa gare su. Ga yashi, mai na bin sa ƙasa da sauri, rijiya guda kuma ƙauye nawa ke sha.

Ni ɗalibin harshe ne, don haka matsalar da ta tare ni ta baki ce. Da na je hutu na so in yi wa kawuna bayani, na ce ai akwai ƙwayoyin cuta masu gyara ƙasa. Ya ce, “Kai yaro, cuta ce za ta yi gyara?” Gaskiyarsa. Sunan daga asibiti ya shigo mana. Sai na tambaye shi me ke sa nono ya yi tsami in an zuba masa ɗan na jiya. Ya yi shiru, can ya ce to buhu nawa na taki wancan filin garejin zai ci, kuma wa zai ja ruwan.