Zoɓorodon Kakata A Tsibirin Jamaika

Yau na ajiye alƙalamin soyayya zan ɗan taɓo tarihi, don haka wanda ya saba jin labarin saurayi da budurwa daga gare ni ya yi mini haƙuri. Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa wani ƙullin zoɓorodo ne da kakata ta ƙulle wa kawuna a Tsanyawa, ya haye teku da shi, ya dawo mana da labarin da har yau bai bar zuciyata ba.

Bari mu faro daga tushe. A shekarar 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, gwamnatin Nijeriya ta ƙirƙiro shirin tura ƙwararru aikin sa-kai a ƙasashen waje, wanda aka fi sani da TAC. Dabarar ita ce, maimakon a riƙa miƙa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tsabar kuɗi, gara a tura masu mutane: likitoci da malaman jinya da malaman makaranta da injiniyoyi, su yi shekara 2 su dawo. Nijeriya ke biyan su alawus, ƙasar da ta karɓe su kuma ta ba su masauki. An tura mutane ƙasashen Afirka, an kuma tura wasu tsibirai masu nisan gaske irin su Fiji a tekun Fasifik da Jamaika a yankin Karibiyan.

A ƙarshen shekarun 1990, ina ajin ƙarshe na sakandare, sunan kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin jinya, ya fito cikin waɗanda za su Jamaika. Ranar da ya zo sallama, kakata ba ta tambayi nisan ƙasar ba, ba ta tambayi kuɗin da za a ba shi ba. Cewa ta yi, "Yanzu kai a ƙasar da ruwa ya kewaye ko'ina, wa zai tuƙa maka tuwo?"

Ya ce, "Inna, shekara biyu ce fa, kamar gobe ne."

Ba ta saurare shi ba. Ta ƙulle masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, sannan ta ɗebo zoɓorodon yakuwar da muke shukawa a iyakar gonar gero, ta ce ko ba komai ya riƙa jiƙawa yana tunawa da gida.

Ni ne mai karanta mata wasiƙunsa, shi ya sa labarin ya zauna mini daram. A wasiƙar farko ya ce ya shiga babbar kasuwar Kingston da ake kira Coronation, sai ga zoɓorodo tuli-tuli a gaban mata, ja wur, ɗanye ma ba busasshe ba. Can suna kiran sa "soril", kuma shi ne abin shan bikin Kirsimeti, ana dafa shi da citta kamar dai namu, sai dai wasu kan zuba masa giyar rake, don haka ya koyi tambaya kafin ya kai baki. Ya ce shi da ƙullinsa sun zama kamar mai kai goro Gwanja. Kakata ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To su kuma wa ya kai masu?"

Wannan tambaya ta tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ce ainihin tarihin. Domin kuwa abin bai tsaya a zoɓo ba. Ya tarar da kuɓewa da doya. Ya tarar da alayyafo, suna ce masa "kalalu". Ranar Lahadi kusan kowane gida shinkafa da wake ake dafawa, sai dai su da madarar kwakwa suke haɗawa. Har goro ya gani, suna kiran sa "bisi", amma ba tauna shi suke yi a zaure kamar mu ba, gurza shi ake yi a dafa a ba wanda ya ci wani abu ya ɓata masa ciki. Abincin da ƙasar ke tinƙaho da shi kuwa, wato 'ya'yan itacen "aki" da bushasshen kifi mai gishiri, shi ma asalin itacen daga Afirka ta Yamma aka kai shi a ƙarni na 18. Baturen nan Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo sunansa da Gwanja-kusa, suna mai ƙamshin fataken goro. Ana jira sai ɗan itacen ya buɗe da kansa a bisa kafin a ci, don ɗanyensa guba ne.

To, wa ya kai masu? Ingila ta ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya a 1655, ta mayar da ita gonar rake, kuma da bayin da aka yi ta jigila daga gaɓar Afirka aka noma raken. Da mutanen, da irin shukarsu, da yadda iyayensu mata ke girki, duk a jirage iri ɗaya suka haye. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, ta soke bautar kanta a 1834, amma sai a 1838 bayin suka sami cikakken 'yanci. Ƙasar kuwa sai ranar 6 ga Agusta, 1962 ta sami mulkin kai, shekara 2 bayan namu.

Gaskiya ɗaya ce, yawancin waɗanda aka kai Jamaika daga yankin Gana ta yanzu da ƙasar Ibo da Kwango suka fito, namu kaɗan ne. Amma akwai su. Akwai wani bawan Allah, Abubakar Siddiƙu, haifaffen Tambutu, wanda ya tashi a Jenne ya yi karatu, aka kama shi a yaƙi wajen 1805 aka sayar da shi. A Jamaika aka laƙaba masa sunan Edward Donlan, ya yi kusan shekara 30 cikin bauta, yana rubuta wa ubangijinsa lissafin dukiya da haruffan Larabci. Wani alƙalin Turawa mai suna Richard Madden ya taimaka aka 'yanta shi a Kingston a 1834. A tarihin kansa da ya rubuta da Larabci ya ambaci Katsina da Barno, ya kuma ce sunan mahaifiyarsa Hafsatu, amma da Hausa ana kiran ta Nagode. Ka ji fa, mai karatu! Ɗan Nagode ya taka titunan Kingston shekara fiye da 160 kafin kawuna. A tsibirin Tirinidad ma, wata malama, Maureen Warner-Lewis, ta bi tsofaffi ta tattara abin da ya rage a bakinsu na harsunan kakanninsu, har da Hausa, ta fitar da littafi a 1991.

Ba duka labarin ne mai daɗi ba. Kawu ya ce wurin nama ya sha wuya, don gasasshen alade abin marmari ne a can, sai ya koma ga kifi da girkin 'yan Rasta waɗanda ba sa cin nama, sai kuwa naman akuya mai kori, girkin da Indiyawa 'yan ƙwadago suka zo da shi tun daga 1845, idan ya tabbatar da yankan. Amma abin da ya fi tsaya masa shi ne wata dattijuwa da yake wanke wa ciwon ƙafa. Da ta ji daga Afirka yake, ta riƙe hannunsa ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce, "Ɗana, ku ne fa kuka sayar da mu."

Ya ce bakinsa ya mutu. Me zai ce? Bature ne ya kawo jirgi, amma ba shi ya shiga ƙauyuka ya kamo mutane ba. Ƙasar Hausa ma ta yi harin bayi, an kuma sayar da mutane a kasuwar Kurmi ta Kano har zuwa shigowar Turawa a 1903. Sai kawai ya ci gaba da wankin ciwon. Bayan an sallame ta, ta aiko masa da kwalbar zoɓo, da saƙon cewa ba ta sa giya ba, don ta ji irinsu ba sa sha.

Wannan wasiƙa ita kaɗai ce na karanta kakata ba ta yi dariya ba. Shiru ta yi, can ta ce, "Allah Sarki, ashe 'yan'uwa ne."

Mu marubuta mun sha rubuta labarin auren da aka fasa don an binciko asalin yaro an ce kakansa bawa ne, kuma ba ƙirƙira muke yi ba, a unguwanninmu muke gani. Mukan tausaya wa bayin da aka kai bayan teku, amma jikokin waɗanda aka bari a gida har yau ana yi masu gori a wajen neman aure. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kawu ya cika shekara biyunsa ya dawo, ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. Kakata kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Yanzu zoɓorodo ya zama haja, ana loda shi buhu-buhu daga Kano da Jigawa da Katsina zuwa ƙasar Meziko, inda mutanen can ke kiran sa da sunan Jamaika. Mu muka noma, sunan wasu ya fito, amma ni ban ji haushi ba, don na san waɗanda suka riga mu kai shi can da kuma halin da suka je a ciki. Duk kaka idan na je Tsanyawa na ga yakuwa ta yi ja a iyakar gona, nakan tuna da Nagode, wadda aka raba ta da ɗanta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, na gida da na bayan teku. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.