Inabin Sipaniya: gonaki masu faɗi, ruwa kaɗan

Ƙasar Sipaniya ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya faɗin gonakin inabi, inda take da fiye da hekta dubu 900. Amma duk da haka, a mafi yawan shekaru a matsayi na uku take zuwa wajen yawan giyar inabi da ake samarwa, bayan Italiya da Faransa.

Babban dalilin haka shi ne ƙarancin ruwan sama. A yankin Castilla-La Mancha na tsakiyar ƙasar, wanda ke da kusan rabin gonakin, manoma sun saba barin tazara mai yawa tsakanin itatuwan domin kowanne ya sami laima. Sai a shekarar 1996 ne aka ɗage dokar da ta hana yi wa inabi ban ruwa.

Tarihi

Noman inabi ya bunƙasa a ƙasar tun zamanin fataken Finikiya da suka kafa birnin Kadis, kafin daga bisani Rumawa su riƙa jigilar giyar zuwa sassan daularsu.

A zamanin daular Andalus, daga shekarar 711 zuwa 1492, ba a daina noman ba, ko da yake Musulunci ya haramta barasa. An ci gaba da cin 'ya'yan, ana kuma busar da su a matsayin zabibi. Sherish ne sunan da Larabawa ke kiran garin Jerez da shi, kuma daga nan aka samo sunan giyar Sherry.

A shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya fara halaka gonakin Faransa. Hakan ya sa 'yan kasuwar Bordeaux suka nufi yankin Rioja na arewacin Sipaniya, suka kuma yaɗa dabarar ajiye giya cikin gangunan katako. Ƙwaron ya isa Malaga a 1878, ba a kuwa shawo kansa ba sai da aka yi wa itatuwan aure da saiwar inabin Amurka.

Yankuna da nau'o'i

Rioja, wanda ake furtawa Riyoha, shi ne yankin da ya fi suna. Ya sami kariyar doka ga sunansa a 1925, sannan a 1991 ya zama na farko da aka ɗaga zuwa matsayin ƙoli na inganci. Jan inabin Tempranillo ne ginshiƙinsa.

A Galisiya mai yawan ruwan sama ana noma farin inabin Albariño. A Kataloniya kuwa aka fi yin Cava, mai kumfa, wadda Josep Raventós ya fara haɗawa a 1872. Ita kuma Sherry ana tsufar da ita ne ta tsarin solera, wato a riƙa gauraya sabuwa da tsohuwa sannu a hankali daga ganga zuwa ganga.

Kalmomin da ke jikin kwalabe na nuna tsawon ajiya. Jar giya mai tambarin Crianza ta yi aƙalla shekara 2, Reserva shekara 3, Gran Reserva kuwa shekara 5.

Ƙalubale

Shigar Sipaniya ƙungiyar Tarayyar Turai a 1986 ta buɗe mata kasuwanni, har ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi fitar da giyar inabi. To sai dai fiye da rabin abin da take fitarwa a manyan tankuna ake sayar da shi cikin araha, ba a kwalabe ba, lamarin da ya sa kuɗin da take samu bai kai na Faransa ko Italiya ba.

Kazalika fari na ƙara tsananta. A shekarar 2023 abin da aka samar ya faɗi zuwa kimanin lita biliyan 2.8, adadi mafi ƙanƙanta tun 1995. Wasu manoma sun koma dasawa a kan tuddai masu sanyi, wasu kuma suna farfaɗo da tsofaffin irin da ke jure zafi, irin su Garnacha.

Ga ƙauyukan da ba su da wata sana'a mai ƙarfi ban da inabi, makomarsu ta rataya ne a kan abu biyu: samun ruwa, da kuma samun farashin da zai biya wahalar manomi.