Hasashe Ya Yi Daidai, Gargaɗi Bai Isa Ba: Faransa a Agustan 2003

A ranar 3 ga Satumban 2003, a maƙabartar Thiais da ke kudu da birnin Paris, aka binne mutum 57 waɗanda babu wani ɗan'uwa da ya zo neman gawarsu. Shugaba Jacques Chirac da magajin garin Paris, Bertrand Delanoë, su ne suka tsaya a madadin dangi. Zafin rana ne ya kashe su, kamar yadda ya kashe dubban 'yan ƙasarsu: tsakanin 1 da 20 ga Agusta, mutanen da suka rasu a Faransa sun ɗara adadin da aka saba gani a irin wannan lokaci da kusan 14,800. A faɗin Turai kuwa, ƙiyasin da aka yi daga baya ya haura 70,000.

Wanda ya ji labarin zai zaci masu hasashen yanayi ne suka yi barci. Ba su yi ba. Hukumar Météo-France ta hango zafin tun kafin ya sauka, ta kuma yi ta fitar da sanarwa ga 'yan jarida tun daga farkon watan.

Hasali ma, irin wannan zafi yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin hangowa. Hadari kan haɗu cikin sa'o'i kaɗan, ya zubar da ruwa a wannan unguwa ya tsallake waccan. Doguwar ƙuna kuwa daga wani babban yanki na iska mai nauyin matsi take tasowa, wanda kan mamaye ƙasashe da dama ya kafe wuri guda. A 2003 irin wannan yanki ya zauna a kan yammacin Turai, ya tare hanyar iska mai sanyi da laima da ke zuwa daga tekun Atilantika, ya kuma buɗe wa iskar arewacin Afirka ƙofa. A cikinsa iska gangarowa take yi daga sama, tana matsuwa tana ƙara ɗumi, gajimare kuma ba ya samun haɗuwa. Ga shi an yi ƙarancin ruwan sama tun daga watannin farko na shekarar, ƙasa ta bushe. Ƙasa mai danshi takan kashe wani kaso na zafin rana wajen mayar da ruwa tururi. Busasshiya kuwa kusan duk abin da ta karɓa iska take miƙa wa. Abu mai girma da nawa irin wannan, kwamfutocin hasashe suna iya bin sawunsa kwanaki da dama gaba.

Haka kuwa aka gani. Daga 4 zuwa 12 ga Agusta, kwana tara a jere, zafin Paris ya wuce digiri 35. Ranar 12 ga wata aka auna digiri 44.1 a gundumar Gard da ke kudu, adadin da ba a taɓa rubutawa a ƙasar ba kafin nan.

Mutumin Sakkwato ko na Damagaram, wanda ya saba da watan Afrilu, yana iya murmushi idan ya ji an firgita da digiri 35. Sai dai illar zafi ba a ma'auni kaɗai take ba. Tana rataye da abin da jiki ya saba da shi, da irin ginin da ake kwana a ciki. Gidajen Paris an gina su ne don su riƙe ɗumi lokacin hunturu. Da yawa rufin kwano gare su, kuma a ƙananan ɗakunan da ke ƙarƙashin rufin akwai tsofaffi masu zaman kaɗaici, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba mai leƙo su. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne dare. A dararen 11 da 12 ga Agusta zafin Paris bai sauka ƙasa da digiri 25.5 ba, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye awon birnin a 1873. Da dare ne jiki ke huce gajiyar yaƙin da ya yi da rana. In aka hana shi haka dare uku, huɗu, biyar, zuciyar ɗan shekara tamanin sai ta gaza. A ranar 12 ga Agusta kaɗai, rarar mace-macen ta haura 2,000.

To, ina aka samu giɓi? Faransa tana da tsarin gargaɗi, sabo ful. Bayan guguwa biyu da suka yi mata kaca-kaca a Disamban 1999, an ƙaddamar da taswirar gargaɗi a 2001, wadda ke shafa wa kowace gunduma launi: kore, rawaya, ruwan lemo, ko ja. Taswirar ta san iska mai ƙarfi, ta san ruwan sama mai yawa, da tsawa, da ƙanƙara. Zafi ba ya cikin jerin. Waɗanda suka tsara ta bala'in da suka gani jiya suka yi wa shiri, kuma a idon yawancin Turawan arewa, rana mai ƙwalla a watan hutu alheri ce. Saboda haka lambobin suka riƙa fita daidai kowace yamma a talabijin, ba tare da wata doka da ta ce idan sun kai kaza, asibiti ya yi kaza ba. Masanin yanayi ya san digiri, likita ya san majinyaci, babu ofishin da aikinsa ne ya haɗa biyun.

Sauran labarin na siyasa ne. Agusta watan hutu ne a Faransa. Asibitoci sun rage gadaje, shugaban ƙasa yana Kanada. Ranar 10 ga wata, wani likitan sashen gaggawa, Patrick Pelloux, ya fito ya ce mutane na mutuwa. Washegari ministan lafiya, Jean-François Mattei, ya bayyana a labaran dare daga gidansa na kudu, cikin rigar shan iska, yana kwantar da hankalin jama'a. Sai ranar 13 aka ayyana shirin gaggawa na asibitocin yankin Paris, lokacin da zafin ya soma janyewa. Ɗakunan ajiye gawa suka cika, har aka koma amfani da wani ɗakin sanyi a kasuwar abinci ta Rungis. Ranar 18 babban daraktan lafiya, Lucien Abenhaïm, ya ajiye aiki.

Gyaran da ya biyo baya a 2004 shi ne ɓangaren da ya fi cancantar nazari. Météo-France da hukumar sa ido kan lafiyar jama'a suka zauna tare, suka gwama awon zafi na shekaru da dama da rajistar mace-mace, suna neman inda mutuwa ke fara hauhawa. Daga nan suka fitar da ma'auni mai kallon abu biyu, zafin rana da zafin dare, a matsakaicin kwana uku a jere. Kowace gunduma kuma da iyakarta: ta Paris digiri 31 da rana, 21 da dare, ta yankin Marseille, inda aka saba da rana, ta fi haka. Aka shigar da zafi cikin taswirar launuka, aka wajabta wa ƙananan hukumomi buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu da za a riƙa tuntuɓa, gidajen kula da tsofaffi kuma su tanadi aƙalla ɗaki ɗaya mai sanyi.

Jarrabawar farko ta zo a Yulin 2006. Masu bincike sun lissafa cewa, bisa alaƙar zafi da mutuwa ta shekarun baya, da an yi asarar rayuka kusan 6,500. Abin da aka samu bai wuce kimanin 2,000 ba. Ba za a jingina dukkan bambancin ga taswira ba, domin tsoron 2003 bai bar zukatan mutane ba tukuna, kuma tsoro ma yana sa a shayar da tsoho ruwa.

A ƙarshen 2004 wasu masana uku daga Ingila, Peter Stott da Dáithí Stone da Myles Allen, suka wallafa a mujallar Nature cewa hayaƙin da ɗan'adam ke fitarwa ya ninka yiwuwar irin wannan bazara aƙalla sau biyu. Adadin 44.1 na gundumar Gard ya yi shekara 16 kacal. Ranar 28 ga Yunin 2019 aka auna digiri 46 a ƙauyen Vérargues, a ranar da gundumomi huɗu na kudu suke cikin jan launi saboda zafi, karo na farko a tarihin taswirar.