Ƙurar da Ta Ci Ran Nellie Kershaw

A ranar 14 ga Maris, 1924, wata ma'aikaciya mai suna Nellie Kershaw ta rasu a garin Rochdale na arewacin Ingila, tana da shekara 33 a duniya. Tun 1917 take kaɗa zare a masana'antar Turner Brothers, amma zaren ba na auduga ba ne, na asbestos ne, wani ma'adini mai silili-silili da wuta ba ta cin sa. Wannan baiwa tasa ce ta sa aka riƙa amfani da shi a jiragen ruwa da birkin motoci da rufin ɗakuna.

Sharrinsa yana cikin ƙurarsa. Idan aka shaƙe ta, sililan sukan kafe a huhu, jiki ya kasa fitar da su, huhun ya yi ta tabo har ya sandare, numfashi ya gagara. Haka Nellie ta kwanta jinya tun 1922. Kamfanin ya ƙi biyan ta diyya, ya ƙi taimakawa da kuɗin jana'iza, aka binne ta a kabarin matalauta da babu ko alama.

Likitan da ya binciki huhunta, William Cooke, ya wallafa abin da ya gani a shekarar da ta rasu. Sai dai ba shi ne farkon mai gargaɗi ba, domin tun 1898 wata jami'ar duba masana'antu, Lucy Deane, ta ja hankalin hukuma kan wannan ƙura. Binciken gwamnati na 1930 ya iske cutar a jikin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan da aka duba, aka kafa dokar rage ƙura a 1931. A 1960 kuma bincike a Afirka ta Kudu ya danganta asbestos da sankarar tantanin da ke lulluɓe da huhu, wadda kan ɓuya shekara talatin ko arba'in kafin ta bayyana. Duk da haka, sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi kwata-kwata, shekara 75 bayan rasuwar Nellie.

Ashe ba rashin sani ya jawo jinkirin ba. Riba ce aka fifita a kan rai, ga cutar kuma ba ta zuwa da wuri balle a kama mai laifi. Mu ma da har yanzu silin asbestos ke saman tsofaffin makarantu da gidajenmu, kafintoci na fasa shi babu takunkumi, gemun maƙwabci ya daɗe da kama wuta. Saura mu shafa wa namu ruwa.