Ƙwayar Cutar da Aka Gano a Muƙamuƙin Yaran Afirka

A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya wallafa bayanin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara. Daga baya ya lura ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Anthony Epstein ya ji laccarsa a Landan a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin ta jirgin sama. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar cuta a ciki, 'yar gidan su ƙwayar ƙarambau. Ita ce Epstein-Barr.

Abin mamakin ya ɓullo ne a Filadelfiya ta Amurka. Werner Henle da matarsa Gertrude suka ƙirƙiro gwajin gano sojojin da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar ta, sai ga su a jinin masu lafiya garau. Yau an san fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Ta miyau take bi. A nan Parakou ko Djougou, inda uwa kan tauna abinci ta ba jariri, yawanci muna kamuwa tun muna goye, ba tare da wani ciwo ba. A Turai da yawa sai sun balaga.

Can ne kuma aka daɗe ana zarginta da hannu a cutar MS, wadda likitocinmu ke kira sclérose en plaques. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya ci robar wayar lantarki: gani ya dushe, ƙafa ta mutu. Hujja mai ƙarfi ba ta samu ba sai Janairun 2022. Tawagar Alberto Ascherio ta Jami'ar Harvard ta bi jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10 da aka adana daga 1993 zuwa 2013. Cikin masu MS 801 da aka gwada, mutum ɗaya tak ne ba shi da ƙwayar, kuma haɗarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa.

Nakan gaya wa masu sauraro kada wannan ya firgita su. Kusan kowa na da sojojin nan a jini, 'yan ƙalilan ne ke yin MS.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin cewa ciwon Turawa ne. Gaskiya ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Amma tabbatar da shi na buƙatar hoton MRI da likitan jijiya, ga tsada ga nisa. Budurwar da ƙafarta ta mutu a ƙauyen Djougou, ta warware bayan wata biyu, ta sake kwantawa baɗi, iska za a ce ta taɓa ta, kuma ba za ta shiga lissafin kowa ba.