Raba intanet na gida tsakanin kwamfutoci biyu

Raba intanet na gida tsakanin kwamfutoci biyu hanya ce ta sa kwamfutoci biyu su shiga intanet a lokaci guda ta layi ɗaya da aka biya wa kuɗi. Layin na iya zama na wayar tarho irin ADSL, ko na kebul ɗin talabijin, ko na zaren gilashi da ake kira faiba, ko na kamfanin wayar salula irin 4G da 5G, ko na tauraron ɗan Adam. Hanyoyin yin haka biyu ne manya. Ko dai ɗaya daga cikin kwamfutocin ta karɓi intanet ta miƙa wa ɗayar, ko kuma a sa wata ƙaramar na'ura da ake kira rauta ta tsaya tsakanin layin da kwamfutocin duka. A kowace hanya dabarar da ke aiki a ƙarƙashi ɗaya ce, wato sauya adireshi, wadda aka fi sani da NAT. Abin da aka faɗa a kan kwamfutoci biyu ya shafi uku ko goma, har da wayoyin hannu.

Tushen matsalar

Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da lamba tata da ake kira adireshin IP. A tsohon tsarin IPv4, wanda har yau ake amfani da shi ko'ina, adireshin yana da tsawon bit 32, don haka jimlar adiresoshin ba ta wuce kimanin biliyan 4.3 ba. Saboda ƙarancin nan, kamfanin da ke sayar da intanet yakan ba kowane gida adireshi ɗaya tak. Idan aka jona kwamfutoci biyu kai tsaye da modem ta na'urar rarraba kebul kawai, wadda ba ta san komai game da adireshi ba, kwamfutar da ta fara kunnawa ce za ta ɗauke adireshin, ta biyun ta zauna hannu rabbana. A farkon shekarun 2000 wasu kamfanonin kebul na Amurka sukan sayar da adireshi na biyu a kan ƙarin kuɗi duk wata, amma mafi yawan masu gida sun gwammace su raba wanda suke da shi.

An bayyana NAT a shekarar 1994 cikin takardar fasaha mai lamba RFC 1631, wadda Kjeld Egevang da Paul Francis suka rubuta. A 1996 takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku na adiresoshi domin amfanin cikin gida kaɗai: waɗanda suka fara da 10, waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Ba a bi da su ta babban intanet, shi ya sa miliyoyin gidaje ke amfani da lamba iri ɗaya, kamar 192.168.1.10, ba tare da sun yi karo ba.

Misali zai fi bayyana yadda abin ke tafiya. A ce kwamfuta ta farko tana da 192.168.1.10, ta biyu kuma 192.168.1.11, kuma duka sun buɗe shafin Wikipedia a lokaci ɗaya. Kowace za ta tura buƙatarta cikin ƙananan ƙunshin bayanai zuwa na'urar da ke bakin ƙofa. Na'urar za ta goge adireshin cikin gida da ke jikin ƙunshin, ta rubuta adireshin gidan na waje a madadinsa, ta kuma ba kowace hira lambar ƙofa dabam, sannan ta ajiye wannan a wani jadawali cikin ƙwaƙwalwarta. Da amsa ta dawo, sai ta duba lambar ƙofar, ta gane mai ita, ta mayar da adireshin cikin gida, ta miƙa. Ga Wikipedia, kwamfuta ɗaya ce ta yi tambaya sau biyu. Abin ya yi kama da gidan haya mai akwatin gidan waya ɗaya, inda mutum guda ke ɗauko wasiƙu ya raba wa kowane ɗaki nasa.

Ayyuka biyu na tafiya tare da NAT. Na ɗaya DHCP, wanda ke ba kowace kwamfuta adireshin cikin gida da zarar ta shigo, ba sai an rubuta da hannu ba. Na biyu miƙa tambayoyin DNS, wato fassara sunan shafi zuwa lambarsa.

Rabawa ta kwamfuta ɗaya

A wannan hanya kwamfutar da ke jone da layin ita ce uwa, ɗayar kuma tana bin ta. Dole uwar ta kasance da kafofin sadarwa biyu, ɗaya ta shigowar intanet, ɗaya ta fitarwa. Tana iya karɓa ta modem mai USB ta fitar ta kebul ɗin Ethernet, ko ta karɓa ta kebul ta fitar ta Wi-Fi.

Tun zamanin da ake shiga intanet ta buga lambar tarho ake yin haka. A 1995 aka fitar da manhajar WinGate daga ƙasar Niyu Zilan, wadda ta yi suna wajen raba layi a kan Windows. Kamfanin Microsoft ya sa irin wannan aiki cikin Windows 98 bugu na biyu a 1999, da sunan Internet Connection Sharing, a taƙaice ICS. Idan aka kunna shi, kwamfutar uwa takan ba kafarta ta cikin gida adireshin 192.168.0.1. Daga Windows 7 aka sauya shi zuwa 192.168.137.1, kuma sauyin ya yi amfani, domin rautoci da dama ma 192.168.0.1 suke ɗauka. A 2016 Windows 10 ta samu maɓallin Mobile hotspot, wanda ke mayar da kwamfutar tafi-da-gidanka tashar Wi-Fi ga na'urori har takwas. Kwamfutocin Apple suna da nasu mai suna Internet Sharing. A Linux ana yin aikin da manhajojin iptables ko nftables, kodayake mai amfani da NetworkManager zai iya kunna rabawa daga saituna, inda uwar kan ɗauki 10.42.0.1.

Akwai batun kebul da ke rikita masu karanta tsofaffin bayanai. A tsoffin katunan Ethernet masu gudun megabit 10 ko 100, zare na 1 da na 2 ne ke aikawa, na 3 da na 6 ke karɓa. Idan aka haɗa kwamfutoci biyu kai tsaye da kebul na yau da kullum, bakin wannan zai fuskanci bakin waccan, kunne ya fuskanci kunne, ba mai jin wani. Shi ya sa ake neman kebul mai gicciye, wanda aka musanya zarurrukan a kai ɗaya: tsarin T568A a wannan kai, T568B a wancan. Katunan zamani, musamman masu gudun gigabit, suna da fasahar Auto MDI-X da ke gane irin kebul ɗin ta gyara da kanta. Ya isa ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ta kasance da ita. Don haka yau da wuya a buƙaci kebul mai gicciye sai in duka biyun tsofaffi ne.

Amfanin wannan hanya shi ne ba ta cin kuɗi fiye da na kebul. Ta yi tashe a ƙasashe irin Ingila a farkon zuwan ADSL, lokacin da kamfanoni ke bai wa abokan ciniki modem mai USB wanda ba ya jonuwa sai da kwamfuta ɗaya. Aibinta kuwa babba ne: muddin aka kashe uwar, ko ta yi barci, ko ta maƙale, ta biyun ta rasa intanet nan take. Kwamfutar tebur kuma tana shan wuta ninkin abin da rauta ke sha sau da yawa. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ana dogaro da janareta ko sola, barin kwamfuta a kunne don kawai ta miƙa wa wata intanet asara ce. Hanyar ta fi dacewa da buƙatar ɗan lokaci.

Rabawa ta rauta

Rauta ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Irin ta gida takan haɗa abubuwa da yawa cikin akwati ɗaya: NAT, DHCP, kafofin Ethernet, galibi huɗu, tashar Wi-Fi, wani lokaci har da modem ɗin kansa. Kafa ɗaya mai rubutun WAN ko Internet ita ake jonawa da modem, sauran masu rubutun LAN na kwamfutocin gida ne. Ana shiga saitunanta ta burauza, a rubuta adireshinta, wanda sau da yawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma akan buga shi a jikin takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

Rautocin gida sun yaɗu daga ƙarshen shekarun 1990, tare da Wi-Fi. A 1999 aka amince da ma'aunin 802.11b mai gudun megabit 11, kuma a shekarar ce Apple ya fitar da AirPort. Linksys WRT54G, da ta fito a ƙarshen 2002, ta zama ɗaya daga cikin rautocin da aka fi sani a tarihi. Ma'aunin 802.11g na 2003 ya kai megabit 54, sannan 802.11n ya biyo a 2009.

A Najeriya da Nijar layin tarho na ƙasa bai kai gidaje da yawa ba, don haka intanet na gida ya fi zuwa ta rauta mai cin katin SIM, ko ƙaramar mai batir da ake kira MiFi, ko hotspot na wayar hannu. Dukkansu NAT suke yi. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Starlink kuma ya fara aiki a ƙasar a watan Janairun 2023, kuma kayansa na zuwa da rautarsu.

Tsakanin kebul da Wi-Fi, kebul ya fi tabbas. Ethernet na iya kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, alhali siginar Wi-Fi na raguwa da kowane bango, musamman na kankare mai rodi. Zangon gigahaz 2.4 ya fi nisa, na gigahaz 5 ya fi gudu amma bai jure bango.

Gudu da data

Rabawa ba ta ƙara gudun layi, kuma ba ta yanka shi gida biyu daidai. Idan kwamfuta ɗaya ce ke aiki, duk gudun nata ne. Sai sun nema tare ne suke gogayya. Kamfanoni suna auna gudu da megabit, kwamfuta kuma takan nuna saukar fayil da megabait, wanda ya ƙunshi megabit 8, saboda haka layin megabit 20 ba zai sauke fiye da megabait 2.5 a daƙiƙa ba. Abin da ya fi kawo cikas shi ne lodawa zuwa sama, domin a yawancin layukan gida gudunsa ya yi ƙasa da na saukewa sosai. Kwamfuta ɗaya mai tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet na iya sa kiran bidiyo na ɗayar ya riƙa yankewa. Wasu rautoci suna da saitin QoS da ke ba wasu ayyuka fifiko.

Ga mai sayen data a ƙayyade, kwamfutoci biyu na ci daga tukunya ɗaya, kuma sabunta Windows kaɗai na iya lashe gigabait da dama. Windows na da saitin Metered connection da ke rage irin wannan saukewa ta bayan fage.

Matsalolin da aka fi samu

Idan kwamfuta ta biyu ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, alama ce ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai ta ba kanta. Laifin yakan zama na kebul, ko rabawar ba a kunne take ba. Idan adireshin daidai ne amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, a duba DNS.

Wata matsalar ita ce jona rauta a bayan wata rautar, misali ta gida a bayan wadda kamfani ya kawo. NAT zai faru sau biyu, kuma in duka suna amfani da rukunin adireshi ɗaya, intanet zai tsaya cak har sai an sauya na ɗaya. Wasu kamfanonin kebul kuma suna ɗaure layi da lambar MAC ta na'urar da aka fara jonawa. Kashe modem na ɗan lokaci yakan warware wannan, in ya ƙi kuma akwai saitin kwaikwayon MAC a yawancin rautoci.

Layukan da ke amfani da PPPoE, wato masu neman sunan shiga da kalmar sirri, suna da tasu matsala mai wuyar ganewa. Girman ƙunshi a Ethernet bait 1500 ne, amma PPPoE na cin bait 8, ya rage 1492. Idan ba a daidaita wannan ba, wasu shafuka za su buɗe, wasu su tsaya a rabi.

Tsaro

NAT na jefar da duk saƙon da ya zo daga waje ba tare da wani na ciki ya nema ba, tunda ba shi cikin jadawali. Wannan kariya ce, amma ba don tsaro aka ƙirƙiro shi ba, kuma ba ya hana cutar kwamfuta da mutum ya sauko da hannunsa. Kwamfutocin biyu suna ganin juna a cikin gida, abin da ke ba da damar raba fayiloli da firinta, ke kuma ba cuta damar tsallakawa daga wannan zuwa waccan.

Tsarin kulle Wi-Fi na farko, WEP, an gano rauninsa tun 2001, kuma bai kamata a yi amfani da shi ba. WPA ya zo a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Kalmar sirrin Wi-Fi dabam take da ta shiga saitunan rauta, kuma ta biyun ce aka fi mantawa a bar ta yadda ta zo daga kamfani. Duk abin da aka aikata ta layin, da adireshin mai biyan kuɗi zai fita, ko wane ne ya aikata.

NAT na kamfani da IPv6

A ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar adiresoshin IPv4 da ke hannunta. Kamfanoni da yawa, musamman na wayar salula, sun koma haɗa ɗimbin abokan ciniki a kan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, wanda aka ware wa rukunin da ya fara daga 100.64 a 2012. A irin wannan layi ko gidan ma ba shi da adireshin waje nasa, don haka buɗe ƙofa a rauta domin a iso ga kyamarar tsaro ko kwamfutar gida daga nesa ba ya aiki. Sabon tsarin IPv6 yana da adireshi mai bit 128, kuma kamfani kan ba gida rukuni guda, ta yadda kowace kwamfuta za ta samu adireshinta na waje. A nan rauta ba ta sauya adireshi, katangar tsaronta ce ke tare saƙonnin da ba a nema ba.